Ni Na Aike Ki Kanal

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Uwani,

Aminci ya tabbata a gare ki, tare da gaisuwar uwar da ta haife ki. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Allah Ya sa kumburin ƙafafun ya sace. Allah Ya tsare ku a hanyar Talatar Mafara da za ku kama ranar Asabar, Ya tsare motar da mai tuƙa ta, Ya sauke ku cikin mutanen kirki. Ki gaishe mini da maigidan naki.

Da hannuna nake rubuta wannan, da ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Yau kwana uku ina fama da ita. Ban kira kowa ya rubuta mini ba, don akwai maganar da ba ta bi ta hannun wani.

Ranar Lahadi kin zo sallama. Tun da likitar birni ta saurari cikinki ta ce zuciya biyu take ji, ban zauna ba. Na sa an yaɓe ɗakin gabas, an yi masa daɓe, an huda taga an sa mata waya. Na tara itace har ya kusa kan katanga. A zatona gida za ki zo goyon ciki kamar kowace 'ya a haihuwar fari, maigidanki ya tafi inda aka mai da shi aikin malamin gona, ki bi shi bayan arba'in. Na kama hannunki na kai ki ƙofar ɗakin. Kika leƙa, kika dubi gadon, sannan kika juya kika dubi bayan katanga inda kanal, magudanar ruwan noman rani, yake wucewa. Kika ce, "Inna, an gode. Amma ba zan haihu a gidan nan ba. In wani abu ya sami ɗaya, ban san wanda za a ce shi ne ba."

Maimakon in zauna a ƙasa in yi kuka, sai na ce miki, "To, Allah Ya raka taki gona." Kika ja mayafinki kika fita. Hali zanen dutse.

Ba zan ce ki dawo ba. Kayan haihuwar dai na ɗaure su, babanki zai kawo a sa a motar da za ta kwashi naku. Abin da ya rage shi ne in nuna miki inda na taka na zame lokacin da nawa tagwayen suka zo, don kada ki bi sawuna. A gabanki aka yi komai, amma idon 'yar shekara tara ne ya gani. Yau ki ji daga bakin wadda ta aikata.

Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan ce, lokacin da aka sako mana ruwan madatsar Tiga ya ratsa gonaki. Ƙasar da a da take tsagewa da rani sai ga ta kore shar da alkama da tumatir. 'Yan ƙwadago suka cika ko'ina, wasu daga Daura, wasu har daga Damagaram, kuma kowa da cikinsa ya zo. Mu matan kulle muka ɗora tukwane. Ni shinkafa da wake nake yi da ɗanwake, ke kuma in kin taso daga makaranta ki ɗauka ki bi bakin gonaki. Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe abin kaina ba sai a wannan shekara, sai abin ya hau mini kai. Duk ranar kasuwar Kura sai na aika an sayo mini kwano: langa, fanteka, tasa mai fure. Na jera su tun daga ƙasa har rufin ɗaki, mata na shigowa kallo.

A haka cikin ya girma. Wata rana Iya Tabawa, ungozomar da ta yanke miki cibiya, ta shigo ɗiban wuta ta same ni ina jefa ɗanwake. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Hajara, wannan cikin ba na mutum ɗaya ba ne. Ki sauka daga kan murhun nan, ki tanadi komai bibbiyu."

Na yi dariya na ce, "Iya, abinci ne ya karɓe ni. Kuma wa ya taɓa ɗinka wa wanda bai zo ba riga?"

Ta ce, "To, na dai faɗa." Ta ɗauki wutarta ta fita.

Ba camfi ne ya hana ni ba, fakewa na yi da shi. Gaskiyar ita ce ban so in sauke tukunyar ciniki ko ta yini ɗaya. Naƙuda ta kama ni a wata na takwas, da hantsi, shinkafa na kan wuta. Hassan ya faɗo, aka naɗe shi a zane ɗaya tilo da na keɓe. Ina shirin yin hamdala sai Iya ta ce, "Yunƙura, akwai saura." Usaina ta zo 'yar mitsitsiya, kukanta kamar na 'yar kyanwa. Aka waiga aka rasa abin naɗe ta, sai ɗankwalin kaina aka cire, yana warin hayaƙi. Itacen wankan jego kuwa tuni na ƙone shi a gindin tukunyar ciniki, sai maƙwabta aka bi ana roƙo.

Don haka ki ji: tagwaye ba sa jiran wata tara. Ranar da kuka sauka, kafin ki jera ko cokali, ki kwance ƙullin nan ki ajiye shi inda hannu zai kai. Akwai zannuwan goyo huɗu, na wanke su sun yi laushi, da majanyi biyu. Akwai tsummokan da na yayyanka daga tsofaffin zannuwana na tafasa. Kada ki raina su, yara biyu suna ɓata abin da ba ki zata ba, ga damina na tafe, shanya ba ta bushewa. Na sa reza biyu sababbi a takardarsu, da zare, ko da haihuwar za ta riske ki a gida, ko da yake a asibiti nake so ki haihu. Ki sa maigidan ya taka da ƙafarsa ya gano hanyar asibitin, ya kuma san ƙofar mai motar da zai buga wa. Sabulun kanti kin san yadda ya zama a wannan zamani, sai an yi layi tun safe, soja na tsaye da bulala. Ɗan abin da babanki ya samo na cika shi da sabulun salo. Man kaɗanya yana cikin gwangwani, yajin jego ni na daka da kaina, kanwar kunun kuma ungurnu ce. Itace ki sa a fara tarawa tun ranar farko. Duk wadda ta ce miki tanadi yana kiran tsautsayi, ki ce mata uwarki ta gwada rashin tanadin.

Sai maganar makwanci. Ɗakina a lokacin kwanuka sun ci rabinsa, buhunan shinkafa da wake sun ci saura, ga babanki ya jingine buhun takin zamani a bayan ƙofa. Ɗan siririn gadon ƙarfen nan ni da Hassan muka cika shi. Usaina kuwa kwandon tumatir aka wanke aka shimfiɗa tsumma, aka ajiye ta a ƙasa gefen buhuna. Da na sauke jere ɗaya na kwanukan nan, da an sami wurin da za a sa mata gado. Ban sauke ba, don 'yan barka za su zo su gani. Kin kuma san tun da kanal ya zo sauro bai ƙara tafiya hutun rani ba. Gidan sauro ɗaya ne, yana kan gadon. Da safe in na ɗago ta, fuskar duk ta yi jajayen ƙuraje, sai in ce ai zafi ne.

Ɗakin da za a ba ku a can, ko guda ɗaya ne tal, na yaran ne, ku baƙi ne a ciki. Kayan aurenki su zauna a kwali, ba inda za su. Kada taki ko maganin feshi ya kwana inda suke numfashi. Na san aikin mijinki, irin waɗannan kaya ba sa rabuwa da malaman gona. Gidan sauron da na ɗinka mai faɗi ne, zai rufe ku ku uku. Ki kwantar da su gefe da gefe, wuri ɗaya. Wanda aka ajiye a ƙasa shi ake mantawa.

Ranar suna Yaya Kande ta zo daga Bunkure. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma tun muna yara take ce mini raguwa, abin kuma yana cina. Da taro ya watse ta zauna bakin gado, ta ɗauki Usaina tana jujjuya ta, ta ce, "Hajara, bari in zauna miki har arba'in. Hannu biyu ba ya renon baki biyu. Wannan 'yar sai an sa mata ido."

Na ce, "Yaya, koma ɗakinki. Raguwar ai ta iya."

Ta ajiye yarinyar a hankali, ta ce, "Allah Ya raya," ta bi motar yamma. Kwana goma sha biyar da haihuwa na mai da tukunya kan murhu, don na ji wata maƙwabciya ta fara janye mini masu saye. Wankan jegon ma a tsaitsaye na ƙarasa shi.

Za ki sauka inda ba ki da kowa. Ki nemi tsohuwa ɗaya mai tsafta a unguwar, ki gaishe ta da goro tun kafin ki buƙace ta. In dangin mijinki sun ce za su turo wata, ki ce maraba, ko da jininku bai haɗu ba. Yaya Kande ma tana nan da sauran ƙarfinta, ta ce ko gobe a sa ta a mota. Ni ban isa in ce a sa ni ba. Shi ma maigidan ki miƙa masa ɗaya in kina fama da ɗaya. Babu namijin da hularsa ta taɓa faɗuwa don ya rungumi ɗansa. Babanki bai taɓa ɗaukar Usaina ba sai ranar da ya ɗauke ta a naɗe zuwa makabarta.

Yanzu na zo inda alƙalamin yake mini nauyi. Nonona bai wadace su ba, ko in ce ban zauna ya wadace su ba. Mai jegon da take tsaye kan wuta tun safe ina za ta tara nono? Hassan mai ƙarfi ne, in ya kama ba ya saki. Usaina kuwa sai an lallaɓa ta, ta ɗan tsotsa ta yi barci, a tashe ta ta sake. Lokacin wannan lallaɓawar ne ba ni da shi. Na ji an ce matan ma'aikatan da ke kwatas ɗin gwamnati madarar gwangwani suke ba 'ya'yansu a bulumboti, abin ya burge ni, na aika aka sayo. Na ce wa kaina ai gata na yi mata, abincin 'ya'yan manya. Ƙarya nake. Namijin na zaɓa na ba nono, macen na haɗa ta da roba. In ta sha ta rage sai in ajiye a inuwa in ba ta anjima. In gwangwanin ya yi ƙasa sai in tsinka da ruwa.

Da farko ruwan rijiyar masallaci ake ɗebowa, mai ɗan nisa. Ran nan randa ta ƙafe, wake na kan wuta, 'yan ƙwadago sun kusa tashi cin abinci, Usaina na ta tsala kuka. Na miƙa miki bokiti. Kika nufi ƙofar gida, na ce, "Ina za ki?"

Kika ce, "Rijiya, Inna."

Na ce, "Sai yaushe za ki dawo? Zaga baya ki ɗebo a kanal."

Kika tsaya kika ce, "Malaminmu ya ce ba a shan ruwan kanal. Ana wanki a ciki, shanu ma suna shiga."

Na ɗaga muciya na ce, "Malamin naku ne ya haife ki?"

Kika tafi kika ɗebo. Ban tafasa ba, murhu biyun duk da tukunya a kai. Na dama na ba ta. Da na ga ba abin da ya faru a ranar, sai ya zama kullum can nake aiken ki.

Ba a yi mako ba zawo ya kama ta, da amai. Maɗigarta ta faɗa, idanun suka zurma. Na ce haƙori ne, 'yar wata uku fa. Aka shafa mata magani a ka, aka jiƙa saiwa. Babanki ya ce a bari a gama kwashe tumatir, motocin Kudu na jira, jibi sai a kai ta asibiti. Ba ta kai jibin ba. Da la'asar ta cika a kan cinyarki, don ni ina kwashe abinci. Yanzu kullum rediyo sai ya faɗi ruwan gishiri da sukari, in na ji sai in tashi in bar wurin. Gishiri da sukari, Uwani. Duka biyun suna cikin ɗakina a ranar.

Ki ba su nono su biyun, ko da zai zama ba ki da wani aiki a duniya sai shi. Ki ci, ki sha kunu, ki zauna. Ƙaramin za ki fara sa wa tun nonon yana cike, babban ba zai bari a manta da shi ba. Ban sa miki bulumboti a kayan ba, kuma da gangan na yi. In likita ya ce lallai sai an ƙara da madara, to ruwan ya tafasa sosai, a ba su da kofi da cokalin da aka wanke. Can ma ƙasar noman rani ce, za ki ga ruwa yana wucewa garai-garai ta bayan gida. Kada kyansa ya ruɗe ki. Zawo kuma in ya fara, ba jibi, ba gobe. Ki goya ɗaya ki rungumi ɗaya ki kama hanya, ko maigidan yana nan ko ba ya nan.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce ƙaddara ce da jahilci. Amma akwai wanda na yi ido buɗe. Bayan maza sun dawo daga makabarta, mata sun cika tsakar gida, Iya Tabawa ta ɗauki bulumbotin ta shinshina, ta ce, "Da wane ruwa ake dama mata?" Mata suka juyo. Na ji duk idanu a kaina, kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Kina rakuɓe jikin turmi da Hassan a bayanki. Na nuna ki na ce, "Ku tambayi wannan. Rijiya nake aiken ta, ashe ƙiwa take yi tana zagawa kanal. Ita ta kashe mini 'ya." Na tashi na mare ki a gaban mutane.

Ba ki yi kuka ba. Dubana kawai kika yi, kina jira in gyara maganar. Ban gyara ba. Na cire ki daga makaranta, na ce ki yi renon wanda ya rage tunda kin ci ɗaya. Allah Ya sa ɗan karatun da kika samu kafin nan ya ishe ki karanta wannan da kanki. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Na ga yadda kika daina dariya. Na ga ko ruwan alwala za ki miƙa wa wani sai kin tsaya kin leƙa butar sau biyu. Daga baya ma na lura ke kanki kin fara shakka, kina tunanin ko dai da gaske rijiya na ce. Na gani na yi shiru, don shirun ya fi mini sauƙi.

To ga shi a rubuce, ki ajiye, ki nuna wa wanda kika ga dama. Ni na aike ki kanal. Kin ce ba a sha, na ɗaga miki muciya. Ba ki da hannu a mutuwar Usaina ko na ƙwayar gero.

Abin da zan ce a kan wannan kaɗan ne, don bakina bai cancanta ba. Allah Ya kiyaye, amma in wata rana abu ya ɓaci a gidanki, kada ki waiga neman wanda ya fi kowa ƙanƙanta ki ɗora masa. Kunyar yini ɗaya na guje wa, na bar ki da ciwon shekaru.

Jiya na yi abin da ya kamata in yi tuntuni. Na zaunar da babanki da Hassan na faɗa musu. Hassan ya tashi ya fita, har yanzu bai taɓa abincina ba. Babanki ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Sannan na nemi izini, na ja mayafi na bi gidajen matan da suka rage cikin waɗanda ke tsakar gidan a ranar. Biyun farko ba su ce komai ba sai "Allah Ya yafe mana," suna kau da kai. Iya Tabawa na bari a ƙarshe. Ta makance yanzu, na same ta kwance a tabarma. Na durƙusa na faɗa mata komai ina kuka. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Hajara, ai mun sani. Katangarku gajeriya ce, rabin unguwa, har da maigidanki, sun ji ki kina cewa ta zaga baya. Asiri muka rufa miki, don kina cikin zafin rashi."

Na ce, "Iya, ita yarinyar fa?"

Ta ce, "Mun ɗauka yaro ne, zai manta."

Kin ji, Uwani. Unguwa guda ta san gaskiya, ashe babanki ma ya sani, aka taru aka rufa wa babba asiri, aka bar 'yar shekara tara da kayan. Na dawo gida ban san wanda na fi jin haushi ba, su ko ni. Ni ce dai.

Ban ce ki yafe mini yanzu ba, mai ciki ba a ƙara mata nauyi. In kin sauka, ki sa a aiko ko da layi ɗaya ne, in san biyu ne suke kuka.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya kare ku daga sharrin hanya da na baƙon wuri. Allah Ya raba ki da su lafiya, Ya kawo da sauƙi, Ya cika ƙirjinki da abin da zai ishe su. Allah Ya raya miki su duka biyun, su yi tafiya tare, su binne ki bayan tsufa mai nisa. Allah Ya jiƙan Usaina. Amin.

Ni ce,
Innarki.